Gaisuwar da Na Yi wa Baturen Albasa da Harshensu

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na koyi harshen mutanen Holan ba, ko in faɗi gaskiya, shekarar da na ɗauka na koye shi. Ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ba. Ina ƙaramin malamin gona a Yelwa, ga ƙuruciya, ga wata rawar kai da nake fama da ita wadda a lokacin nake kira son ilimi.

Ana ta rabon kaya tsakanin tsohuwar jiha da sabuwa. Wasu ofisoshin suka samu mota, wasu tafireta. Mu namu rabon kujeru ne masu ɗingishi, da wani kwali da ɓeraye suka riga mu buɗewa tun a hanya. A ƙasan kwalin na tsinci wani ɗan littafi da kaset-kaset na koyon harshen Holan. Da alama wani babba ne ya taɓa shirin tafiya can, ya sayo su, tafiyar ta fasa. Na kai su gida don kawai in ji yadda harshen yake, domin ni mutum ne da ko gwangwanin maganin ƙwari na gani sai na karanta rubutun jikinsa har ƙarshe.

Ana nan sai ogammu, Alhaji Bawa, ya tara mu ya ce akwai wani Bature da zai zo daga Holan, gwani ne a kan ajiyar albasa. Duk wanda ya san ƙasar Yauri ya san damuwarmu: in ruwan tafkin Kainji ya ja baya a shuka albasa ta yi kyau, amma kafin damina ta yi nisa rabinta ta ruɓe a rumbu. Baturen zai zagaya ƙauyuka, in ya gama kuma zai zaɓi mutum ɗaya cikin ƙananan ma'aikata a tura shi kwas ƙasarsu. Mu biyu ne muka cancanta, ni da abokin aikina Ɗanlami. Makaranta ɗaya muka yi, rana ɗaya aka ɗauke mu, bai fi ni komai ba, ni ma (duk da ba na son faɗa) ban fi shi komai ba. Kujera kuwa ɗaya ce.

Ina son tafiyar nan kamar in yi kuka. Ban taɓa wuce Kaduna ba, sannan na karanta cewa ƙasar Holan teku ta fi ta tudu, amma mutanen sun tare ruwan suna noma a inda ya kamata a ce kifi ke iyo. Wannan magana ta hana ni sukuni, domin mu nan akasin haka aka yi mana. Ƙauyen su Inna, mahaifiyata, yana ƙarƙashin tafkin Kainji tun da aka datse Kwara. Da na ba ta labari ta ajiye muciya ta dube ni.

"Holan ba atamfa ba ta? Ashe gari na?"

Na ce ƙasa ce guda, Inna.

"Kuma kac ce su sunka kori ruwa? Mu ruwa yak kore mu da tsakar rana. To tahi ka gano muna yadda sunka yi."

Sai dabara ta faɗo mini. Baturen nan duk inda ya je da Turanci za a tarbe shi. Ranar da ya iso Yauri ya ji wani yaro yana magana da harshen uwarsa, ai an gama zaɓe. Tambaya ɗaya ta rage: wata nawa ake yi kafin a iya harshen Holan? Bangon littafin ya yi alkawarin 'yan makonni. Ni kuma na duba tarihina, na ga Gunganci a bakin ruwa na tsince shi wurin masunta, Kambarci ma ina ɗan taɓawa a kasuwa, duk ba littafi ba malami. Na ce harshen da har an ɗauke shi a kaset ai ya riga ya zo hannu. Abin da ban lissafa ba shi ne, masuntan nan shekara da shekaru na yi ina zaune cikinsu suna zagina ina ramawa.

Makon farko kaɗai ya ishe ni in gane bangon littafin nan bai ji tsoron Allah ba. Kalma ɗaya sai ta kai tsawon igiyar guga. Wasu da ka gan su a rubuce sai ka rantse Turanci ne aka yi wa kuskure, da ka kunna kaset kuma sai ka ji wani abu daban. Uwa uba akwai wani sauti da suke fitarwa daga can cikin maƙogwaro, kamar mai kakin majina da asuba. Shi na sa a gaba. Da na dawo aiki sai in shige ɗaki in rufe ƙofa in yi ta kaki. Rannan ban ankara ba sai ga Inna ta banko ƙofa da ƙatuwar lomar tuwo a hannu.

"Haɗiye wagga maza, kak ka tauna! Ƙayar kihi ta. Sau nawa nic ce ka bar cin kihi da gaugawa?"

Na haɗiye. Ya fi mini sauƙi a kan in yi mata bayani.

Watanni suka shuɗe. Na daina zuwa kallon ƙwallo, na daina zaman shayi, maƙogwarona kullum a kumbure. Amma sautin nan na iya shi, har nakan dakatar da kaset in maimaita in ji babu bambanci tsakanina da mutumin ciki. Matsalar ita ce zuwan Bature ya ƙarato, ni kuwa ban wuce darussan farko ba. Na zauna na yi tunani irin na mai hankali: a cikin harshe gaba ɗaya, me mutum ya fi bukata in ya haɗu da baƙo? Gaisuwa. Wanda ya iya gaisuwa ya iya rabin magana, sauran rabin a yi da Turanci.

Da na duba abin da littafin ya tanada sai tausayin mutanen ya kama ni. Gaisuwarsu duka-duka barka da asuba ce da yaya kake, shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Na ce haba, ai ba a tarbi dattijo da wannan ba. Na buɗe jerin kalmomin da ke bayan littafin na shiga ɗinka tamu gaisuwar da harshensu: ina kwana, ina gajiya, ya hanya, ya aiki, ya zafi, ya mutanen gida, ya uwargida, ya yara. Na jera su na haddace kamar karatun allo. Na kuma nemo abin da zan riƙa cewa a madadin madalla, na samu wata gajeriyar kalma, "mooi", wato abu ya yi kyau. In an so a ƙara mata armashi a ce "heel mooi".

Amsoshin fa? Nan ne na nuna basirata. A kaset akwai wuraren da mutane ke ta dogon surutu suna ba juna amsa, duk na riƙa tura su gaba. Me zan yi da su? Tun da aka haife ni ban taɓa tambayar mutum ina gajiya ya ce akwai ba. Mu ko a gadon asibiti ka iske mutum da ƙarin ruwa a hannu, ka ce ya jiki, cewa zai yi da sauƙi. Ko gidansa ne ya ƙone sai an gama lafiya lau tukuna a shigo da zancen gobara. Na ɗauka haka Allah ya yi 'yan Adam duka.

Alhaji Bawa ya kama ni wata rana a bayan ofis ina gaida bishiyar dalbejiya. Ya tsaya ya saurara, ya ce wane yare ne wannan. Na sunkuyar da kai irin na mai kunyar yabo, na ce, "Ɗan abin da ba a rasa ba ne, ranka ya daɗe, na mutanen Holan." Kafin azahar labari ya zaga ofis cewa ina jin harshen kamar ruwa. Ban ce haka ba, amma ban ƙaryata ba. Ɗanlami ya zo ya dafa kafaɗata ya ce in na je in sayo masa agogo. Wallahi har tausayinsa na ji.

Baturen ya iso, sunansa Mista Pita. Dogo ne, ya fara manyanta, rana ta mayar da shi ja kamar gauta ya nuna, ba shi da yawan magana. Ranar farko a ofis da Turanci aka yi komai, ni kuwa na yi gum, don ba na son in ɓarar da makamina a gaban mutum huɗu. Washegari za a kai shi wani ƙauyen manoman albasa a bakin ruwa ta wajen Ngaski. Aka tura ni da Ɗanlami ta jirgin ruwa tun da safe mu shirya wuri, shi da Alhaji suka biyo hanyar mota.

Gari ya fito. Maza a kan tabarmi a inuwar tsamiya, Sarkin Noma a gaba, mata sun tsaya daga gefe, ga albasa an tsiba tuli-tuli don baƙo ya gani. Da motar ta tsaya Alhaji Bawa ya gyara babbar riga ya sanar cewa yau ba da Turanci za a yi maraba ba, ofishinmu yana da yaron da ya san harshen baƙo. Na fito tsakiyar fili, na gyara murya, na saki barka da asuba tun daga ƙasan maƙogwaro.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canja haka ba. Mista Pita ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa, ya zubo wata magana da sauri wadda ban kama ko wutsiyarta ba. Na ce, "Mooi." Na juya ga jama'a na ce, "Ya ce lafiya lau." Aka amsa da madalla.

Na tambaye shi gajiya. Ya ɗan yi mamaki, sannan ya dafa ƙugunsa ya yi bayani yana nuna motar. Na ce mooi. Na tambayi hanya, ya yi bayani. Na tambayi zafi, ya cire hula ya nuna mini tsakar kansa, ya yi bayani. Abin ya fara ba ni sha'awa. Na ce a raina, ikon Allah, ashe su "lafiya lau" ɗinsu tsawo gare ta, kuma ba ta maimaita kanta. Har na ƙudura in an tashi zan tambaye shi kashi nawa ce.

Sai na zo kan uwargida.

Ya saki hannuna, ya juya ya dubi ruwa. Da ya fara magana a hankali ya yi ta, ba irin ta ɗazu ba, yana yi yana tsayawa. Ya daɗe. Na ga idanunsa sun kaɗa sun yi ja, ya sa yatsa ya goge gefen ɗaya. Kun san abin da na ce a raina? Albasa ce. Na ce jikin Bature ba ƙwari, ko ba a yanka ba tana iya sa shi hawaye. Da ya kai aya na washe haƙorana gaba ɗaya, na ɗaga murya yadda na baya za su ji, na ce, "Mooi! Heel mooi!"

Ya dube ni wani irin kallo, ya ɗan ja da baya. Ban tsaya nazarin kallon ba, don ina da aiki a gabana. Mutum ya yi magana mai tsawo haka, in na ce "lafiya lau" kawai ai za a gane ni. Sai na ƙara gishiri. Na ce uwargida tana nan lafiya ƙalau, ta so ƙwarai ta biyo shi hidimar gida ta hana, kuma ta ce lallai a gaida mata matan garin nan da kyau.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka. Kafin ka ce me, uwargidan Sarkin Noma ta aiko da wata ƙwarya mai zane da faifanta, sabuwa fil, a kai wa matar Bature. Alhaji Bawa ya karɓa da kansa, yana fara'a, ya miƙa wa Mista Pita, ya ce masa da Turanci wannan tsarabar madam ce, matan gari sun ji gaisuwarta sun amsa.

Mista Pita ya riƙe ƙwaryar ya dube ta. Sannan ya ce da Turanci, ba tare da ɗaga murya ba, "Matata ta rasu kafin in taso. Abin da na gama faɗa masa ke nan."

Turanci kam ina ji. Da ma a ce shi ma ban iya ba.

Alhaji ya juyo ya dube ni, bakinsa a buɗe. Ɗanlami ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Mata kuwa ba su san abin da ake ciki ba, guɗa ba ta tsaya ba. Sarkin Noma ya lura fuskoki sun sauya, ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Alhaji, mi yac ce?"

Alhaji ya ce, "Ga tafinta nan, Sarki. Tambaye shi."

Da bakina na faɗa. Wannan bakin da bai daɗe da isar da gaisuwar matar ba, shi ya sanar da mutuwarta. Ƙasa-ƙasa na faɗa, sai da aka ce in maimaita. Wuri ya ɗauki salati. Tsohuwar da ta fara guɗa ta rufe baki da gefen zanenta. Sarkin Noma ya daɗe yana kallona, kuma da zagina ya yi da na fi jin daɗi.

"Kai ɗan nan," ya ce, "ka sa munka yi ma mai makoki guɗa."

Daga nan taron albasa ya koma zaman ta'aziyya. Dattawa suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna kama hannun baƙo suna ce masa ya haƙuri, Allah shi ba da dangana. Kowa ya faɗa sai ya waigo ni, don har yanzu ni ne tafinta. Na laluba cikin kaina kaf, cikin duk watannin da na yi ina kaki babu kalma ɗaya ta haƙuri. Da Turanci na riƙa faɗa masa, kaina a ƙasa. Matan suka aiko a karɓo ƙwaryar don kunya, ya riƙe abarsa ya ce zai kai wa 'yarsa.

An dai duba rumbunan albasar daga baya. Ni ina can ƙarshen ayari, ina fatan kowa ya manta da ni. Da aka gama na zame zuwa bakin ruwa wurin jirgi, sai na ji an kira ni. Mista Pita ne, shi kaɗai. Na fara ba shi haƙuri, kalmomin suna harɗewa. Ya ɗaga hannu.

Ya ce tun da ya baro gida bai ji harshensu a bakin kowa ba, kuma bai gaya wa kowa zancen matarsa ba, don ya karɓi aikin nan ne ya ɗan huta da zaman gidan da babu ita. "Da ka yi maganar a karkace," in ji shi, "da tun a gaisuwar farko na koma Turanci. Amma ka faɗe ta daidai, kamar wanda ya zauna cikinmu. Shi ya sa na ɗauka kana ji." Wato wahalar da na fi sha ita ta kai ni ta baro.

Sai ya tambaye ni, cikin son sani ba faɗa ba, me ya sa zan tambayi mutum abin da ban shirya jin amsarsa ba. Na yi masa bayanin gaisuwarmu, cewa amsar a shirye take tun kafin a yi tambaya, labari mara daɗi kuma sai an zauna. Ya jinjina kai ya ce su a wurinsu in ka tambaya an ɗauka so kake ka sani. Ni kuma, da yake hali ba ya barin mai shi ko a ranar kunya, na ce to don Allah wata nawa ake yi kafin a iya harshen nan nasu? Ya yi murmushin farko tun bayan abin da ya faru. Ya ce ba wata ba ne, shekaru ne, kuma cikin mutane. Ya ce 'ya'yansa ma sai da suka daɗe suna saurare kafin su buɗe baki, ni kuwa da buɗe bakin na fara.

Wannan murmushin ya sa na ɗan sa rai. Ban daina sa rai ba sai ranar da Alhaji Bawa ya kira Ɗanlami ofishinsa ya ce ya je ya yi hoton fasfo. Ni bai ce mini komai ba, sai dai ya daina tura ni wancan ƙauyen, wanda hakan ma taimako ne. Na raka Ɗanlami tasha, na riƙe masa jaka, na yi dariya yadda ya kamata, na koma gida na kwanta da rana tsaka. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Da ya dawo na tare shi tun bai huta ba. Na tambaye shi ruwan nan da gaske ya fi ƙasa tudu, ya ce da gaske, ya tsaya a gona ya ga jirgin ruwa yana wucewa ta saman kansa. Na ce harshen fa, ya ya yi da shi? Ya ce wane harshe? Kwas ɗin da Turanci aka yi shi tun daga farko har ƙarshe, mai sayar da burodi ma Turanci take yi masa. Bai koyo ko kalma ɗaya ba.

Yanzu in yara suka tambaye ni tsawon lokacin da ake ɗauka a koyi wani harshe, nakan ce baki kam 'yan watanni sun ishe shi, har ya kai ka inda ba za ka iya fitowa ba, kunne ne ke cin shekaru. Ni dai tun daga ranar, ko da Hausa na ce wa mutum ya gida, sai na rufe bakina na dubi fuskarsa ya gama tukuna in ce madalla. Mutane suna cewa gaisuwata ta cika nauyi. Ba su san nawa na saye ta ba.